Gefen Tayar da Bai Taɓa Kwalta Ba

Akwai wani saurayi da kowa a gidansu yake kira Auta, har sunan ya bi shi wurin aiki. A wani kamfanin buga littattafai yake, shi ke kula da injin yanke takarda. In ka cire 'yan gidansu, ba abin da yake so a duniya kamar babur ɗinsa. Irin manyan baburan nan ne na tsere, ja jawur, wanda in an tayar da shi sai tagogin maƙwabta sun amsa.

Sai dai babur ɗin nan da aka ƙera don tsere, aikinsa na kullum shi ne ya kai mutum biyu wurin aiki, ya dawo da su gida.

Na biyun shi ne Yaya, wan Auta. Yaya makaho ne. Idonsa ya fara dushewa tun Auta yana firamare, a hankali har ya rufe gaba ɗaya. Malami ne a makarantar yara makafi, wadda take kan hanyar kamfanin su Auta. Shi ya riƙe Auta bayan rasuwar mahaifinsu. Shi kuma ya koya masa hawa keke a lokacin da yake gani, yana bin sa da gudu riƙe da sirdi, yana ihun "kada ka kalli ƙasa, kalli inda za ka!"

Kowace safiya abu ɗaya ake yi a gidan. Auta zai turo babur tsakar gida ya tayar da shi don inji ya ɗumama. Yaya zai fito da jakarsa, ya naɗe farar sandarsa ya tura ciki. Kafin ya hau sai ya zagaye babur ɗin da hannu: ya taɓa madubi, ya matsa birki, ya durƙusa ya shafa tayar gaba da ta baya. Sannan matarsa, wadda Auta yake kira Anti, ta sa masa hular kwano ta ja igiyar da kyau, ta juyo ga Auta.

"Ga amanata nan. Yadda na ba ka shi, haka za ka dawo min da shi."

"Anti, in ya ƙara ƙiba a hanya fa?"

"Wannan kuma ribata ce, ba taka ba. Ku wuce, kun makara."

Duk wanda ya taɓa goya mutum a babban babur ya san inda wahalar take. In aka zo kwana babur ya karkata, mai ido sai ya ga kwalta tana tasowa, ya tsorata, ya ja jikinsa ɗaya gefen, babur ya fara rawa. Yaya bai taɓa yin haka ba. Ƙirjinsa yake mannawa a bayan ƙaninsa, duk inda bayan ya nufa nan yake bi. Har Auta yakan manta da mutum a bayansa, sai dai ya ji murya ta cikin hula: "Yau gidan burodi sun makara da gashi." Ko kuma: "Rage, ramin nan na gaban kantin magani ba su cike shi ba."

To, ranakun hutu masu irin wannan babur suna haɗuwa a wani gidan mai da ke bakin gari. Suna da wata ɗabi'a da in ba a gabanka aka yi ba ba za ka yarda ba. Ba sa gaisawa da mutum sai sun fara gaisawa da tayarsa ta baya. Za ka ga ƙato da gemunsa ya tsuguna yana leƙen gefen taya kamar wanda allurarsa ta faɗi.

Ga dalili. Tayar babur ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar ta mota, bayanta a zagaye yake. In kana tafiya a miƙe, tsakiyarta kaɗai ke taɓa ƙasa. Sai ka kwantar da babur a kwana sannan gefenta yake shan kwalta. Sabuwar taya kuma tana zuwa da wasu 'yan siraran gashin roba a jikinta, duk inda kwalta ta taɓa sai su cinye. Saboda haka a wurinsu, wanda gefen tayarsa ya cinye har baki shi ne namiji. Wanda gashin nan yake tsaye a gefen tasa, matsoraci ne da ya sayi abin da ya fi ƙarfinsa.

Babbansu wani ne da suke kira Sarkin Kwana. Gefen tayarsa ba cinyewa kawai yake yi ba, har narkewa yake yi ya yi ƙuraje. In ya iso, kowa sai ya matsa masa.

Tayar Auta kuwa, tsakiyarta ta lafe kamar gindin faranti, gefenta sabo fil, gashin nan a tsaye kamar jiya aka sayo ta. Ina zai kwantar da babur alhali yana ɗauke da wansa, a kan hanya ɗaya, safe da yamma?

Wata rana Sarkin Kwana ya tsuguna a gabanta, ya daɗe yana kallo, sannan ya tafa hannu.

"Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah! Taya ta tsufa, amma ba a taɓa yi mata aski ba. Kai, wannan ai ba babur kake tuƙawa ba, jirgin ƙasa ne. Ba ya shan kwana sai an lanƙwasa masa dogo."

Aka kwashe da dariya. Wani daga baya ya ƙara da cewa, "Ku ƙyale shi, ai haya yake yi da shi. Makaho yake kaiwa makaranta."

Auta ma ya yi dariyar, don ba ya so a ga ta taɓa shi. Amma ta taɓa shi, har cikin ƙashi. Daga ranar sunansa a wurin ya koma Jirgin Ƙasa. In ya shigo sai wani ya yi masa kukan jirgi.

Cikin masu dariyar akwai wanda ya ja shi gefe ya raɗa masa wata dabara. Ni dai ban san wanda ya fara ƙirƙiro wannan shirmen ba, amma Allah ya shirye shi. Wai ka samu sanfefa, takardar nan mai kaushi da kafintoci ke goge katako da ita, ka goge gefen tayar da hannunka, gashin ya zube, robar ta yi kaushi, kowa ya ɗauka kwana ce ta ci ta.

Kuma Auta, mutum mai hankalinsa, ya aikata. Ya ari sanfefa wurin kafintan layinsu, ya ja babur bayan gida da yamma, ya ɗaga tayar baya, yana juya ta yana gogewa, yana waiwaye kada Anti ta leƙo. Ya gama, ya share baƙin garin robar da ƙafa, ya wanke hannu da sabulu.

Da aka sake haɗuwa, Sarkin Kwana ya tsuguna ya ɗaga gira.

"A'a! Jirgin Ƙasa ya fara sauka daga kan dogo. To yanzu ka zama mutum. Saura ka yar da wannan tsohuwar, ka sa irin tawa, mai laushi. Ka je wurin mai taya ka ce ya ba ka irin ta Sarkin Kwana, ya sani. In ka sa ta, mu tafi da kai hanyar tsaunuka, in nuna maka yadda ake yi."

Ranar Auta ya koma gida kamar an naɗa shi sarauta. Dama tayoyin sun kai a canza su, zanen tsakiya ya suɗe. Kuma ba shi da halin sayen kashi biyu, na hutu daban na aiki daban. Duk wadda ya ɗauka, ita za ta riƙa kai shi da Yaya har ta ƙare.

Washegari da safe Yaya ya yi zagayensa kamar kullum. Ya taɓa madubi, ya matsa birki, ya durƙusa a tayar baya. Sai hannunsa ya tsaya a gefenta. Ya koma baya ya sake shafawa a hankali, ya zagaya ɗaya gefen ya shafa. Auta ya shiga gyaran safar hannun da ba abin da ya same ta.

Yaya ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwarsa.

"Tayar nan ta gama aikinta. Ranar da za ka sayo sabuwa, ka tafi da ni."

"Haba Yaya, me za ka yi a shagon taya? Wari ne kawai da ƙura."

"Warin nake so in shaƙa."

Har suka isa makaranta bai yi maganar gidan burodi ba.

Ranar hutu suka tafi. Shagon dogo ne, an jera tayoyi har rufi, warin sabuwar roba ya cika ko'ina, ana jin ƙarar injin cire taya daga baya. Mai taya mutum ne mai surutu, ya jawo wa Yaya kujera, ya saurari Auta, sannan ya mirgino tayoyi iri biyu ya jingina su da kanta.

"Wannan ita ce ta mutuminka Sarkin Kwana. Ka ga jikinta sumul, zanen ɗan kaɗan ne. In ta yi zafi, manne wa kwalta take yi kamar cingam. Amma sai ta yi zafin, kuma ba ta zafi sai an ba ta wuta sosai. Da sanyin safiya, ko in an yi yayyafi, a hankali ake lallaɓa ta. Sannan tafiyar miƙe ba ta ɗaukar ta da nisa, nan da nan tsakiya ta cinye."

Ya dafa ɗayar.

"Wannan kuma ta masu zuwa aiki ce. Tsakiyarta da ƙarfi, gefenta da laushi, ga zane ko'ina don ruwa ya samu hanya. Daga ƙofar gida take fara kama ƙasa, ba ta jiran zafi. Aibunta ɗaya ne, samari ba sa ɗaukar ta hoto. Ni dai duk wadda ka ɗauka na yi ciniki."

Aka kira shi daga baya, ya ce yana zuwa, ya bar su.

Yaya ya miƙa hannu. Auta ya mirgina masa ta farko. Ya bi ta da yatsu tun daga tsakiya har baki, kamar yadda yake bin shafin littafinsa.

"Kyakkyawa ce," ya ce. "Amma in an yi ruwa, ta ina yake bi ya fita?"

Auta ya mirgina masa ta biyu. Yatsun Yaya suka shiga cikin zanen, suka bi shi har inda ya ɓulle a gefe. Ya gyaɗa kai, ya janye hannunsa ya ɗora a cinya.

"Auta, ka san da me nake yanka wa yarana siffofi su shafa? Da'ira, murabba'i, taswira?"

"A'a."

"Da sanfefa. Na san ta kamar yadda na san muryarka. Kwalta ba haka take cin roba ba."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Auta ya shige.

"Ba faɗa zan yi maka ba," in ji Yaya, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Abin da ya dame ni shi ne ban sani ba. Ban san ɗaukata tana jawo maka dariya ba, har ta kai ka ɓuya a bayan gida kana goge taya. Kai yaro ne, babur naka ne, kana da haƙƙin ka ji daɗinsa. In waccan kake so, ka ɗauka, wallahi ba zan riƙe ka a rai ba. Ni sai in koma bas. Da can ma ai ita nake bi."

"Yaya, bas ɗin da sai ka canza biyu? Ka tsallaka babban titi kai kaɗai?"

"Na iya. Abin da ban iya ba shi ne in hau bayanka alhali na san nauyi na zame maka. Ka ga ni ban taɓa ganin hanyar nan da muke bi ba. Ban san faɗinta ba, ban san abin da ke tahowa ba. Bayanka kawai na sani. Inda ka karkata nan nake karkata, ban taɓa tambayar ka dalili ba. Tsakanina da ƙasa kuma ba komai sai 'yar robar nan da ba ta wuce tafin hannuna ba, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Kai za ka zaɓa, ni ba zan zaɓa maka ba."

Auta ya tsaya yana kallon hannun wansa a kan cinya. Hannun nan ne ya riƙe masa sirdin keke. Kunya ta kama shi, da tausayi, da wani abu mai kama da tsoro, don bai taɓa auna girman yardar da ake ɗora masa a baya kowace safiya ba.

Ana cikin haka sai ga rugugin babur a ƙofar shago. Sarkin Kwana ne ya zo duba iskar taya. Ya shigo yana kaɗa makulli, ya ga tayoyin biyu, ya daki mai sumul ɗin da tafin hannu.

"Yauwa Jirgin Ƙasa! Ga ta nan. A ɗaura maka, gobe mu hau tsauni."

Daidai nan mai taya ya dawo yana goge hannu. "To, wacce za a sa?"

Auta ya ɗora hannu a kan mai zanen.

"Wannan. Gaba da baya."

Sarkin Kwana ya yi wata dariya har da riƙe ciki. "Tayar tsofaffi? Kai dai ba za ka taɓa girma ba. Me za ka yi da ita?"

"Ina da fasinja," in ji Auta.

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Da suka fito, kafin Yaya ya hau, sai da ya durƙusa ya shafa sabbin gashin robar, yana murmushi shi kaɗai.

Aka ci gaba da rayuwa. A gidan mai an samu sabon abin dariya, har wani ya tambaye shi ko tayar da sandar dogarawa ake sayar da ita. Auta ya rage zuwa. Gashin tsakiya ya cinye, na gefe yana nan a tsaye, bai kuma sake neman kafinta ba.

Sai wata safiya aka tashi da yayyafi da sanyi. Irin ruwan nan da bai isa ya wanke titi ba, sai dai ya jiƙa ƙurar da man da motoci suka zubar, kwalta ta yi santsi tana sheƙi. Anti ta ja igiyar hula ta faɗi maganarta ta kullum, ta ƙara da cewa, "Yau dai a hankali."

A kan hanyarsu akwai wata doguwar kwana da take gangarawa ta shige ƙarƙashin gada. Auta ya shige ta da gudunsa na kullum, wanda ba shi da yawa. Yana kaiwa tsakiyarta sai ga tirela ta ɓullo daga ƙarƙashin gadar. Direban ya kauce wa wata mota da ta mutu a hannunsa, ya shigo nasu hannun, ya cinye fiye da rabinsa. Ga ta nan gaba da gaba, fitilunta a fuskarsu.

Mai babur ya san abin da wannan yake nufi. In ya danne birki a tsakiyar kwana, babur zai miƙe tsaye ya tafi kai tsaye cikin tirelar, ko kuma tayar gaba ta zame. Hanya ɗaya ta rage, wani ɗan siririn fili ta can cikin kwanar, tsakanin jikin tirelar da dakalin gefen titi. Kuma ba a shiga wurin sai an kwantar da babur fiye da yadda Auta ya taɓa yi a rayuwarsa, a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, da mutum a baya.

Bai samu damar cewa "riƙe ni" ba ma. Ya ɗauke idonsa daga tirelar, ya kafa shi a kan ɗan filin nan, ya tura kan babur.

Babur ya kwanta. Ya ƙara kwantawa. Kwalta ta taso har Auta yana ganin ƙananan duwatsun cikinta. Ƙarfen ɗora ƙafa ya gogi ƙasa, ya yi wata ƙara, tartsatsin wuta ya tashi a cikin ruwa. Yana jira ya ji bayan babur ya tafi, yana jira ya ji jikin da ke bayansa ya firgita ya ja baya, wanda da ya faru da shi ke nan.

Ba ko ɗaya da ya faru. Yaya ya bi shi ƙasa kamar tare aka halicce su. Tayar kuma ta riƙe. Manyan tayoyin tirelar suka wuce ta saman kansu ɗaya bayan ɗaya, iskarta ta watsa musu ruwa, sai kawai suka ga fili a gabansu.

Auta ya miƙar da babur, ya gangara gefe ya tsaya a gaban wata rumfar mai sayar da jarida. Ya kashe inji, ya zauna a kai bai sauka ba. Mai jarida ya fito hannu a ka yana salati. Wata mata mai sharar titi ta yar da tsintsiyarta, tana faɗin ita ta rufe ido tun kafin a gama, don ta riga ta sallama su.

"Bawan Allah, wa ya koya maka wannan?" in ji mai jarida. "Wallahi na ga hular na bayanka ta wuce ƙarƙashin jikin motar nan!"

Yaya ne ya fara sauka. Ya cire hula a nutse, ya ɗaga ƙafarsa ɗaya ya shafa takalmin. Gefensa ya goge har fatar ta yi fari.

"Yau kwanar ta yi zurfi," ya ce. "Tirela ce ko? Na ji iskarta a wuyana."

"Yaya..." in ji Auta. "Ba ka ji tsoro ba?"

"Na ji mana. Amma na ji bayanka ya tafi ƙasa, na san ba ka kai ni inda ba dalili. Sai na bi."

Sannan ya lalubi bayan babur, ya durƙusa a cikin ruwan da wandonsa na aiki, ya ɗora yatsu a gefen tayar. Ya tura babur ɗin gaba kaɗan, ya sake shafawa. Daga tsakiya har bakin ƙarshe robar ta yi kaushi, ɗumi na tashi daga jikinta, babu ko silin gashi ɗaya a wannan gefen. Ya daɗe a durƙushe. Da ya ɗago, ruwan da ke fuskarsa ba na sama ba ne kaɗai.

"Wannan kam rubutun kwalta ne," ya ce. "Na karanta. Har layin ƙarshe ta kai, ba ta sake mu ba."

Auta ya kifa kai a kan tanki ya yi kuka, bai damu da masu kallo ba. Yaya ya bar shi ya yi mai isarsa, yana dafe da kafaɗarsa. Can ya mayar da hularsa, ya ja igiyar da kansa.

"Tashi mu tafi, yara suna jira na."

"Za ka sake hawa? Yanzu?"

"Bayan wa zan hau in ba naka ba?"

Da yamma Anti ta ga takalmin kafin kowa ya yi mata bayani. Ta juya shi a hannunta, ta kalli mijinta, ta kalli Auta, ta zauna a bakin ƙofa ta rufe fuska da mayafi. Da ta samu bakin magana, cewa ta yi, "Ka dawo min da shi. Takalmi kuma na yafe."

Bayan 'yan kwanaki suka tsaya shan mai a gidan man nan a hanyar dawowa. Sarkin Kwana yana wurin, hannunsa ɗaya a naɗe da bandeji, gefen babur ɗinsa duk ya kwarzane. Ashe a wannan safiyar ta yayyafi, ko layinsu bai gama fita ba, tayarsa mai sanyi ta zame a wani ɗan shataletale, ta shimfiɗa shi a gaban masu jiran bas. Allah ya taƙaita.

Kamar yadda ya saba, Sarkin Kwana ya tsuguna a bayan babur ɗin Auta, bakinsa ɗauke da tsokana. Sai tsokanar ta maƙale. Ya shafa gefen tayar, ya kalli ƙarfen ɗora ƙafa da ya goge ya yi kaifi.

"A ina ka yi wannan?"

"Kwanar ƙarƙashin gada. Ranar ruwan nan."

"A jiƙe?" Ya ɗaga kai ya kalli Yaya da ke zaune a baya. "Da mutum a bayanka?"

Auta ya gyaɗa kai. Sarkin Kwana ya sake kallon tayar. Shi ya san abin da yake kallo fiye da kowa a wurin. Ya miƙe, ya cire safar hannunsa mai lafiyar da haƙori, ya kama hannun Yaya ya gaishe shi da rusunawa.

"Malam, ashe kai ne fasinjan. Ni da nake tuƙi ban isa in zauna a baya a yi wannan da ni ba." Ya zagaya ɗaya gefen, ya ga gashin roba a tsaye reras. "To wannan ɓangaren fa? Ba za a ƙarasa shi ba?"

"Wannan ajiya ce," in ji Yaya. "Muna roƙon Allah kada ya kawo ranar da za mu buƙace ta."

Ba wanda ya yi kukan jirgi a ranar.

Har yanzu in gari ya waye Auta yana turo babur tsakar gida. Yaya ya zagaye shi da hannu, ya taɓa madubi, ya matsa birki, ya durƙusa a tayar baya. Sai ya wuce gefen da kwalta ta ci, ya lalubo ɗayan, ya ji 'yan gashin nan suna sosa masa yatsa.

"Ajiyarmu tana nan," yakan ce. "Mu tafi."

Darasi: Kada ka zaɓi abin da rayuwarka ta dogara a kai don idon masu kallo. Ka zaɓe shi don hanyar da kake bi kullum, da mutumin da ya yarda da kai ya hau bayanka. Masu yi maka dariya ba sa nan ranar da tirela za ta ɓullo, kuma ƙarfin da ba ka ɓarnatar wurin nuna isa ba, shi za ka tarar ranar da ka buƙace shi. In akwai wanda yake ɗauke da kai ko kake ɗauke da shi a rayuwar nan, tura masa wannan labarin, ka kuma yaɗa shi ko wani mai shirin canza taya zai tsaya ya tuna wa ke bayansa.